Inabin Ɗa'ifa a Gonar Ƙuba

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je nema wa ɗana Faisal aure a unguwar Ƙuba ta Madina ba, don saura ƙiris bakina ya rusa abin da yaron ya daɗe yana ginawa.

Ni dillalin kayan marmari ne, kuma inabi na fi sani. Duk lokacin zafi nakan hau duwatsun Ɗa'ifa in ɗauko baƙin inabi. Ka baro Madina tana ƙuna kamar tanda, ka iske gajimare yana yawo ƙasa-ƙasa tsakanin rumfunan inabi, da safe raɓa ta jiƙe ganye har ka nemi rigar sanyi. Inabin can ba ya gaggawar nuna. Fatarsa ba kauri, zaƙinsa da ɗan tsami a bayansa, ga wani ƙamshi da ke zama a baki bayan ka haɗiye. Ban taɓa ɗanɗana shi ban ce Subhanallah ba.

To, muna zaune ƙarƙashin dabino a gonar Ammi Bukari, mahaifin yarinyar, da danginsa da nawa. Aka zuba gahawa, aka kawo faranti cike da baƙin inabi. Dattijon ya turo min da hannunsa.

"Tafaddal, Alhaji. Irin na Ɗa'ifa ne. Kai ne masani."

(Wannan kalma ta "masani" ita ke kai ni ƙasa kullum.)

Na jefa ɗaya a baki. Fata mai kauri, zaƙi kamar an narka sukari, ba tsami, ba ƙamshi. Maimakon in ce Masha Allah in yi shiru, sai halin kasuwa ya motsa.

"Ammi, wallahi an cuce ka. Wannan ko hanyar Ɗa'ifa bai sani ba. Wanda ya haɗa ka da shi ba ya tsoron Allah. Faɗa min sunansa, duk na san su."

Faisal ya taka min ƙafa, ya tsayar da ni da Larabci. "Ya abuya, halas!"

Ammi Bukari ya ajiye finjalinsa, ya nuna rumfar da ke bayana.

"Daga can aka tsinko shi ɗazu. Reshen kuwa kai ka kawo min, tun yaran nan suna ƙanana. Ka ce dasa shi kawai, iri ɗaya ne, abu ɗaya zai ba ni."

Sai ƙanen dattijon ya ce, "To Alhaji, ga sunan ka ji. Sai ka neme shi a kasuwa."

Aka fashe da dariya. Ni kuwa, don in ɓoye fuskata, na juya ina kallon itacen inabin. Can kunyar ta koma mamaki. Ganyen shi ne, reshen da hannuna na yanko shi a cikin sanyi. Amma a nan baƙin dutse yana shan rana wuni guda, ya kwana yana huro zafi, ruwan rijiya kuma da ɗan gishirinsa. Itacen ya sha abin da ya samu, ya zama ɗan Madina. Ikon Allah!

"Kada ka damu," in ji Ammi Bukari. "Mu ma daga Kano aka yanko reshenmu. Saurari Hausar ɗanka ka ji. Duk da haka na ba shi 'yata."

Tun daga ranar, in aka miƙo min abu a gidan mutane, sai na waiga na duba itatuwan gidan tukuna kafin in buɗe baki.