Maganin Jan Kwali

Har gobe ba zan manta da bikin 'yar yayata a Zakirai ba, shekarar da gero ya yi tsadar da gidaje da yawa suka koma cin kwaɗon rama da rana.

Ni mai yawan ciwon kai ce, kuma magani ɗaya na yarda da shi, wani na ƙasar waje mai jan kwali. Duk matsin da ake ciki, mijina Malam bai taɓa barin kwalin nan wayam ba. (Na sha yi wa mata fariya da hakan, Allah Ya yafe mini.)

Ana tsakiyar rabon tuwo sai gwaggon ango ta dafe kai, ta ce kamar zai tsage. Maƙwabciyata Talatu ta kwance bakin zane, ta fito da katin ƙwaya irin na kemis ɗin ƙauyenmu.

Na riƙe hannunta. "Haba Talatu! Baƙuwa guda za ki ba wannan alli? Ni ko na sha ba ya yi mini komai. Gwaggo, ga na gaske."

Na zaro jan kwalina yadda kowa zai gani, na zazzago katin. Talatu ta leƙo, ta kara nata kusa da nawa. Launi ɗaya, rubutu ɗaya, har tambarin gefe. (Ni fa kwalin kawai nake kallo, ban taɓa juya katin na duba bayansa ba.)

"Yaya, ai allin namu ne," in ji ta a hankali. "Naki dai an sa masa riga."

Tsakar gida ta kece da dariya. Gwaggo ta haɗiye na Talatu, ni kuwa na shige ɗakin amarya, wai zan gyara jere.

Da na koma gida na tarar da Malam ya dawo daga gona. Na ce, "Malam, me kake sa mini a kwali?"

Ya jingine fartanya.

"Tun daminar bara ne," ya ce. "Na ga in na sayi wancan, ba cefane ranar. Mai kemis ya nuna mini ɗan ƙaramin rubutu ƙarƙashin babban sunan, farasitamol. Ya ce shi ne maganin, babban sunan na kamfani ne. Na san in na kawo shi tsirara ba za ki sha ba." Sai ya dube ni. "Kan ya daina sauka ne?"

Yana sauka sarai kuwa.

Dariyar bikin ta bi ni har kaka, amma ba ita ta fi damuna ba. Mutumin nan yana ta dabarar yadda za mu ci, ni ina yawo da kwali ina cika baki.

Yanzu ƙaramin rubutun nake sa a karanta mini kafin na sayi magani. In kuma za a yi fariya a taron mata, ina barin wata ta fara.