Rasuwar Wuƙar Dankali ta Hawa na Uku

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da kunnuwa cike da surutun mijina Eberhard, wanda har yanzu yake tsaye a kaina yana rantsuwa ba laifinsa ba ne, ni Irmtraud Pütz ta hawa na uku nake sanar da maƙwabta rasuwar wuƙata ta ferar dankali. Ta cika ranar Litinin da hantsi, bayan shekara arba'in da huɗu a hannuna.

Marigayiya 'yar Solingen ce gaba da baya, garin maƙeran wuƙaƙe. Ba ta san wani magani ba sai gindin kofin shayi: in goga ta sau uku nan, sau uku can, ta tashi garau. Duk mai bin matakala da ƙarfe sha ɗaya ya san muryarta a kan katako, ƙyas, ƙyas, ƙyas. Mutum ɗaya ta taɓa yanka, Gudrun matar ɗana, kuma ba a rasa dalili ba.

Ciwon ajali ya same ta bayan maigidan ya yi ritaya ya sayo kyamara mai gilashin ƙara girma. Ya ɗauki hoton rezarsa, ya ɗauki na abin yankan farce, sannan ya kwantar da baiwar Allah ƙarƙashin fitila. Ya kira ni in ga bakinta an kumbura shi sau ɗari huɗu, duk giɓi, sai ka ce haƙoran tsoho Brandt na hawan ƙasa. Wai ba ta da lafiya. Na ce wadda ta fere kilo biyu jiya? Ya ce ni dankali nake gani, shi kimiyya.

Daga nan aka shiga jinya. Ya wasa ta, ya ɗauki hoto, ya hango sauran giɓi, ya koma kan dutse. Mako shida tana ramewa har ta koma tsinken sakace. Litinin ta shiga karas, ta ce ƙas, rabinta bai fito ba.

Ta bar katakon yanka, da marayun cokula shida, da ƙanenta almakashin ɗinki, wanda na tura gudun hijira gidan ƙawata Waltraud. Kada kowa ya gaya wa Eberhard wace Waltraud.

Tunda alherin mamaci ake faɗa: hotunanta goma sha biyu maigidan ya kai ƙungiyarsu ta masu ɗaukar hoto, ɗaya tak suka rataye, na ranar farko mai giɓin nan, aikin gindin kofina. Ya hana ni furta wannan da baki, shi ya sa na rubuta.

Za a yi mata sutura da jaridar jiya, a kai ta makwanci a kwandon shara na tsakar gida ranar Alhamis, kafin motar kwasa ta zo. Bayan nan akwai gahawa da kek a wajena. Kowa ya zo da wuƙarsa, amma kada ta fita daga jaka.

Eberhard ba zai samu halarta ba. Yanzun nan ya leƙo ta kafaɗata, ya karanta har layin hotunan, ya ce, "Irmtraud, in kika manna wannan a matakala, ni da ke ne." Na roƙe shi ya miƙo mini gam. Ya suri hularsa, ya buga ƙofa har marayun cokulan suka ɓarke da kuka a cikin durowa.