Gajeren Wandon da Na Ara

Har in koma ga Allah ba zan manta da safiyar da na kai 'yata Hajara makarantar boko a Fatakwal ba. Yanzu na tsufa, na gaji da ɓoyewa, bari dai in faɗa.

Lokacin ina fawa a kasuwar Mile One, Turawa na shirin tattara komatsansu. Bayan la'asar mukan zauna a ƙofar masallacinmu na unguwar Diobu, in aka taɓo zancen boko kuwa, an taɓo ni. Ni ne mai cewa ba don 'ya'yan baƙi aka gina makarantun nan ba, wanda ya kai ɗansa ya yi asararsa. (Ban taɓa leƙa aji ba, amma ina magana kamar ni na aza tubalin.) Da maƙwabcina Malam Ilu ya sa yaransa, wata guda na yi ina yi masa shaguɓe a gaban jama'a.

Shekara uku Hajara tana tsayawa a bakin ƙofa tana kallon 'ya'yan Ilu suna wucewa. Uwarta ta yi magana har ta haƙura. Ranar da na tarar da yarinyar tana kwaikwayon rubutu da gawayi a bayan ɗaki, tana gogewa da sauri don kada in gani, na san dole in kai ta makaranta.

To ina zan kai bakina? Dabarar da ta zo mini ita ce ɓad da kama. Na ajiye babbar riga da hula, na ari gajeren wando da farar shat wurin wani direba. Kuma tunda a garinmu ba a zuwa wurin malami hannu rabbana, na naɗe cinyar akuya a takarda na rungumo.

A makarantar, layi ya yi tsawo, rana ta buɗe. Cinya ta fara ɗiga a kan shat, ƙudaje suka riga mutane gane ni.

Da muka isa tebur, hedimasta ya sa Hajara ta ɗora hannu bisa kai ta taɓo kunne, don da haka suke gane yaro ya isa shiga. Hannunta ya wuce kunnen, ya kusa haɓa. Hedimasta ya girgiza kai, ya ce ta girme wa aji ɗaya, guraben ma kaɗan ne, sai dai in wakilin iyayen unguwarmu zai tsaya mata. Ya aika a kira wakilin Hausawa.

Sai ga Malam Ilu, da rawaninsa.

Ya dube ni daga sama har ƙasa, a gwiwoyina ya fi daɗewa. "Malam, an tashi lafiya? Ina gajiya? Yaya iyali?" Bai rage ko ɗaya a gaisuwar ba. Ina amsawa ina jan wando ƙasa, wando ya ƙi.

Ya juya ga hedimasta ya ce, "Na im papa delay am." Wato ubanta ne ya makarar da ita. Aka rubuta sunanta. Cinyar kuwa, hedimasta ya ce in koma da abata.

Hajara ta shekara a bencin baya, ta fi kowa tsawo, yara suna kiranta Mama. Ba ta taɓa kawo mini ƙara ba, kuma wannan ya fi wandon yi mini ciwo. Ilu har ya rasu bai faɗa wa kowa ba. In dai na fara ɗaga murya a ƙofar masallaci, sai kawai ya dubi gwiwoyina.

Tun daga ranar, kafin in kushe abu a gaban mutane, nakan fara tambayar kaina wandon wa zan ara ranar da zan je nemansa.