Bakan Gizon Dakta Tukuna

Duk wanda ya ce an daina haihuwar manyan mutane bai taɓa shiga ofishin shugaban laburaren jami'ar nan ba. Mutum ne da Allah ya rage wa tsawo ya ƙara wa murya. Digirinsa uku, kuma duk ukun suna rataye daidai inda idon baƙo zai fara sauka. Yana son littafi so na tsakani da Allah, shi ya sa ba ya son a taɓa shi. Ga kirki. Ba a taɓa roƙonsa abu ya ce a'a ba. Murmushi yake yi, ya ce tukuna. Ɗalibai, da yake ba su da butulci, suka raɗa masa Dakta Tukuna.

Ya je wani taro a ƙasar waje, ya dawo da ilmi mai yawa, duk a cikin hoto guda a wayarsa: wani ɗakin karatu da littattafansa suke jere kala-kala. Bai ko huta gajiya ba ya tara ma'aikata.

"Laburare fuska ce," in ji shi. "Baƙo in ya shigo, ido ke fara karatu, ƙwaƙwalwa ta biyo baya. Mun daɗe muna yi wa ƙwaƙwalwa hidima. Yanzu lokacin ido ne."

Washegari aka wayi gari da kwaɗo a ƙofa, da allo mai cewa ana gyara ne domin jin daɗin ɗalibai. Jin daɗin ya zo daidai da gabatowar jarrabawa. Ɗalibai suka watsu, wasu gindin bishiya, wasu kan matakala, wasu bakin baranda, kowa da guntun takardun da ya ara. Dakta kan wuce su a mota yana gyaɗa kai. Daga baya ya shaida wa majalisar jami'a cewa shi ne ya farfaɗo da karatu a sarari.

A ciki kuwa aiki ya kankama. Aka yi fenti, aka kawo kujeru masu taushi, sannan aka taɓo littattafai. Lambobin da ke gadon bayansu, waɗanda da su ake gano mazaunin kowanne, Dakta ya ce tsohon yayi ne. Ja ya bi ja, shuɗi ya bi shuɗi, dogaye a tsakiya, gajeru a gefe. Ta haka littafin tiyatar zuciya ya sami maƙwabci a littafin kiwon kaji, don dukansu kore ne. Da mataimakiyarsa ta tambaya yadda mai nema zai gano abin da yake nema, ya dube ta da tausayi, ya ce duk wanda ya damu da littafinsa ai ya san kalarsa.

Saura kundayen digiri, waɗanda ɗalibai ke miƙawa in sun kammala bincike. Duk baƙin bango gare su. Dakta ya tsaya gabansu, hannu a baya, ya yi dogon nazari, ya yanke hukunci cewa babu baƙi a bakan gizo. Aka loda su a kwalaye, aka tura ɗakin ajiya a ƙarƙashin bene.

Kada a ce ya manta da jama'a. Ya sa an buɗe taga ɗaya a bayan ginin, ya sa mata suna Tagar Ilmi. Ka bi layi cikin rana, ka faɗi sunan littafi, a tambaye ka wace kala.

A cikin masu bin layin akwai wani dattijo, tsohon malamin lissafi, mai tsabtar riga da ƙarancin magana. 'Yarsa ta yi digiri na biyu a kan ruwan rijiyoyin unguwannin bayan gari. Ta miƙa kundinta, ta kwanta gajeriyar jinya, ta rasu kafin bikin yaye su. Kwamfutarta ta ƙi buɗuwa, lambar sirrin ta tafi da ita. Sashensu suka ce kwafinsu yana laburare. Shi dai so yake ya karanta abin da ta hana kanta barci a kansa. Duk ranar da ya koma gida, matarsa ba fuskarsa take duba ba, hannunsa take duba.

Da tagar ta gaji da shi, aka ce masa kundaye suna cikin kwalaye, aka haura da shi wurin Dakta. Nan ya sha ta'aziyyar da bai taɓa shan irinta ba. Ta faro daga rasuwar yarinyar, ta ratsa ta taron ƙasar waje, ta ƙare a kan ingancin sabon fenti.

"Baba, wannan rashi ni aka yi wa. Duk ɗalibin da ya rasu, laburare ne ya rasa mai ziyara. Amma tukuna. Ka zo ranar buɗewa, ka ga abin da 'yarka ba ta samu gani ba."

Ya miƙa masa katin gayyata mai ɗauke da hotonsa. Dattijon ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya. Tambaya ɗaya kawai ya yi, ko inda aka ajiye kwalayen ba ya yoyo. Dakta ya dafa ƙirji, ya ce tun da ya hau kujerar nan ba a taɓa wulaƙanta takarda ba.

Ana gobe buɗewa aka kawo teburin jawabi. Kafinta ya yi shi daidai da na cikin hoton, wanda aka auna da mutanen da Allah ya ba ƙafa. Dakta ya shiga bayansa don gwaji, ya ɓace. Da wani shugaban ne, da hankalinsa ya tashi. Shi kuwa nan take basira ta sauko masa. Ya tuna akwai wasu littattafai masu kaurin bango, girmansu ɗaya, suna zaune ba aikin yi. Ya sa aka fito da kwali guda, aka jera su tsibi biyu a bayan teburin. Ya hau, ya ga duniya, duniya ta gan shi.

Ranar buɗewa bakan gizo ya yi kyau, wannan ba a musu. Manyan baƙi suka cika gaba. Dattijon da matarsa aka nuna musu kujerun gefe, kusa da ƙofa, inda ake ajiye waɗanda ba a san dalilin gayyatarsu ba. Daga nan ba a ganin fuskar mai jawabi sosai. Ƙafarsa ake gani, da abin da ke ƙarƙashinta. Rubutun gadon bayan kundayen na ruwan zinare ne, fitilun kuma sababbi. Matar ce ta fara gani. Ta kama hannun rigar mijinta. A kan tsibin hagu, na sama, ga sunan 'yarsu, da na mahaifinta biye da shi.

Dakta yana tsakiyar tekun jawabi. "Ranku ya daɗe, ni da littafi kamar uwa da jariri muke. Ba na barci sai ya yi barci. Ƙura ba ta isa ta sauka a kansa ba ina raye."

Dattijon ya jira har aka gama tafi, don ba ya son katse mutum. Sannan ya miƙe, ya taka a hankali zuwa bayan teburin. A hankali kuma ya yi maganar, sai dai lasifikar ma sabuwa ce, ta kai ta har ƙarshen zaure.

"Dakta, don Allah ɗaga ƙafarka ta hagu. 'Yata ce a ƙasa."

Bakin Dakta ya riga ya haɗa kalmar nan tasa. Sai ya hangi shugaban jami'a ya miƙo wuya yana leƙen bayan teburi. Ya ɗaga ƙafar. Dattijon ya zare kundin, sauran suka zame, Dakta ya sauko ƙasa da sauri fiye da yadda ya hau. A yaba masa, bai yar da jawabin ba. Murya ta ci gaba da fitowa, hula tana motsi a saman teburi.

Dattijon ya goge sawun takalmin da hannun rigarsa. Bai fita duka ba. Mai gadi ya matso ya raɗa masa cewa ba a fita da kundi. Ya ce ya san doka. Ya ja sabuwar kujera, ledarta ma ba a cire ba, ya ja wata ya ba matarsa. Suka buɗe shafin farko, ita tana riƙe da gefe ɗaya, shi ɗaya. Ba su san lokacin da aka yanka ƙyallen buɗewa ba.

Mujallar jami'a ta fito da hoton bikin a shafin gaba. Ga bakan gizo, ga teburi da hula a kai, ga kuma wani dattijo a gefe ya duƙufa kan littafi. Mai rubuta bayanin hoto sabon zuwa ne, ya duba ya ga mutum ɗaya ne ya yi kama da mai laburare. Sai ya rubuta a ƙasa cewa shugaban laburare ne yake nazari.

Dakta ya yi tsawa har tagogi suka amsa. Kafin la'asar kuma waya ta fara ƙara. Abokan taron ƙasar waje da shugabannin wasu jami'o'i, waɗanda sunansa suka sani ba fuskarsa ba, suna ta taya shi murna. Wai a zamanin nan samun shugaban da ake kamawa yana karatu sai an tona.

Sakatariyarsa ta leƙo, ta ce ta gama rubuta takardar gyara, ko ta aika wa mujallar?

Dakta ya dubi hoton, ya dubi bangon da ke da sauran fili kusa da digirin nan uku. Ya yi murmushi.

"Tukuna," in ji shi.