Yadda Za Ka Gwada Babban Turanci a Kan Ƙafar Inna

Kuna cikin tasi, an ci rabin hanya. A jakarka: ƙamus mai nauyin bulo, littafin nahawu, biro uku, tabarau marar magani, katin asibiti. A gefenka: Inna, ƙafarta ta hagu ta kumbura kamar tulu. Wata biyu ta yi tana jira kafin layin ganin likita ya zo kanta. Likitan baƙo ne, ba ya jin Hausa, kai ne tafinta. Bi waɗannan matakai, na yi maka alkawari kafin azahar asibitin kaf zai san an kai ka karatu waje.

1. Fara da direba

Turanci wuƙa ce, sai da washi. Gaya wa direba cikin dogon Turanci cewa tuƙinsa ya saɓa wa hankali. Zai leƙo ta madubi ya ce, “Hajiya, ɗanki ne? Allah ya ba shi lafiya. Shi za a duba?” Kada ka ji haushi. Haka jahilai suke yabo.

2. Zaɓi ciwon da ya dace da iliminka

Ƙafa ba ta da manyan kalmomi. Gwiwa, yatsa, tafin sawu, ɗan firamare ma ya iya su. Zuciya kuwa tana da kalmomi masu gaɓa shida-shida. Haddace goma a kan bencin jira. Inna za ta taɓa ka ta ce, “Auta, kar ka manta ka gaya masa ƙusa na taka a bayan gida.” Ka ce, “Inna, ina nazari.” Ƙusa kalma ce mai arha, ba da ita aka ba ka digiri ba.

3. Kada ka amsa tambaya a gajarce

Likita yana da mutum arba’in a waje, kowa minti biyar. Zai tambaya yaushe abin ya fara. “Wata uku” amsar ’yan tasha ce. Kai ka ɗauko jimla mai rassa, ka sa mata “duk da cewa” biyu da “da a ce” ɗaya, ka zuba kalmomin zuciyar nan goma a tsakiya. Idan numfashinka bai ɗauke ba, jimlar ba ta nuna ba.

4. Gyara wa likita

Shi ma aron harshen ya yi. Da zarar ya karya dokar nahawu, ka ɗaga yatsa ka maimaita masa daidai, da murmushi. Zai dubi agogo. Alamar girmamawa ce.

5. Kada ka waiwayi marar lafiya

Yanzu likita ya ɗora abin awonsa a ƙirjin Inna.

“Auta, me yake nema a nan? Ƙafa ce fa.”

“Inna, ilimi ne, ba za ki gane ba.”

“To shi ya gane?”

Kai dai gyara tabarau. Likita ya riga ya rubuta gwajin zuciya, a dawo bayan wata biyu. Ka yi nasara, kalmominka sun shiga takarda.

6. Yi hattara da mai goge ƙasa

Tana bakin ƙofa da bokitinta, dattijuwa ce, Turancinta tsince-tsince. Inna za ta ja zane, ta ɗaga ƙafar da hannu biyu ta dire a kan kujera.

“Baiwar Allah, kina jin yaren mutumin nan? Gaya masa ƙusa na taka, wata uku ke nan.”

Matar za ta jefa kalma huɗu: ƙafa, ƙusa, wata, uku. Nahawu ko na ɗanɗano babu. Likita zai ajiye biro, ya latsa kumburin, fuskarsa ta canza, ya ƙwala wa nas kira. Kai kuma ka matso ka fara bayyana wa matar kurakuranta, ɗaya bayan ɗaya.

Sanarwa

Ni Turanci na yi alkawarin za ka gwada, ka kuma gwada. Ban ce za a ga ƙafa ba. Saboda haka babu hannuna a abin da zai biyo baya, lokacin da Inna za ta nuna ka da baki ta ce, “Ku fitar min da shi, ya je ya ƙarasa da bango. Ke, zauna nan kusa da ni.”

Nas za ta rufe ƙofa. Ta cikin katakon za ka jiyo muryar da ta koya maka magana:

“Daga yau a gidana, ko ka yi Hausa ko ka yi shiru.”