Cinikin Suna a Wayar Kaka

"Lafiya lau na wuni, sai dai ganinka da ya zo ya ɓata mini yamma. Ya gajiya, mijin da ba cefane?"

"Ba gajiya, tsohuwa. Ashe kina nan? Ni na ɗauka zan tarar ana rabon kayan ɗakin nan."

"Ni zan raba naka, Akawu. Takalmi ƙafa ɗaya da cajar waya, wa zai yi rigima a kansu?"

Kakata ce, mahaifiyar babana. Shekara talatin da takwas ta yi tana dillancin kayan ɗaki na hannu, gadaje da kujeru da kwanuka, kafin ciwon gwiwa ya zaunar da ita. Akawu take kirana tun ina yaro, wai don ba na shan rake sai na ƙirga gaɓoɓinsa. Ɗakinta yana hawa na biyu, matakala goma sha tara, kuma ranar nan na haye su cikin daƙiƙa goma sha ɗaya, domin ƙarfe uku da minti biyar ta yi.

Sana'ata sayen sunayen shafukan intanet. Duk mai son buɗe shafi sai ya mallaki suna, wato adireshin da mutane za su rubuta su same shi. Ni aikina in riga mutane: in hango sunan da wani zai buƙata gobe, in saya da dala tara ko goma, in ajiye, in jira. Suna arba'in da bakwai na tara cikin wata goma sha ɗaya, kuma ko ɗaya ban sayar ba. Sai a safiyar ranar wani mai kamfanin gyaran rufin gidaje ya aiko mini da imel. Yana son ɗaya daga cikin sunayena, gyaranrufi, a haɗe, da dot kom a wutsiya. Ya taya dala ɗari biyu, ya ce yana jira zuwa ƙarfe huɗu, in ba haka ba zai nemi wani suna. Nan take na amsa masa cewa na amince.

Ga inda na cuci kaina. Kamfanin da nake rajista da shi yana yi wa sabon mai saye rangwamen dala uku, sau ɗaya ga kowace lambar waya. Na ci rangwamen da lambata, na ci da ta matata, na ci da ta ƙanwata. Wannan sunan kuwa da sunan Kaka da lambarta na yi masa rajista. Saboda haka lambar sirrin da ake turowa kafin a miƙa suna ga mai saye, wayarta za ta shigo.

"Ara mini wayarki minti biyu."

"Wace waya?"

"Wadda kika zauna a kai. Ga igiyarta nan ta leƙo."

"Kai da wayarka mai faɗin faranti, me za ka yi da tawa mai tocila?"

"Saƙo ne zai shigo, lamba shida. In karanta in ba ki abarki."

"Daga ina?"

"Harkar intanet ce, ba za ki gane ba. Lokacin da aka haife ki ko ashana ba a ƙirƙiro ba."

"Lokacin da aka haife ka ni na ce a duba da kyau, ko an yi mana musanya a asibiti. Kunnuwan nan ba na gidanmu ba ne." Ta gyara zama a kan wayar. "Kayana za ka sayar wa mai rufi, ko?"



"Wa ya gaya miki zancen mai rufi?"

"Shi da bakinsa. Tun Litinin yake kirana."

Nan na tuna. Ɓoye lambar wanda ya mallaki suna daga idon jama'a dala biyu ne, ni kuwa na ƙi biya. Duk wanda ya bincika sunan, imel ɗina zai gani da lambar Kaka.

"Me kika ce masa?"

"Me ake ce wa mai tayin banza? Ran Litinin ya ce hamsin, na ce albarka. Talata ya ce ɗari, na ce ina cin abinci. Laraba ya ce ɗari da hamsin, na tambaye shi lafiyar iyali na kashe. Shi ne yau ya zagaya ta bayan gida, ya ji labarin akwai rago a dangin."

"Wato ɗari biyun nan..."

"Ka ɗauka farin jininka ne? Kai da ko sauro sai ya rasa kowa yake cizonka."

"To na gode. Yanzu ba ni wayar in rufe ciniki. Saura minti arba'in da takwas."

"Ba a sayarwa."

"Tsohuwa, dala shida na saye shi! Ribar ɗari da casa'in da huɗu ce!"

"Ka ji ɗan koyo. Yana gaya wa duniya nawa ya saya."

"Kin ma san abin da kike riƙewa? Kin taɓa ganinsa?"

"Ina ruwana da ganinsa? Na taɓa sayar da gadon da ban gani ba ga matar da ba ta da ɗaki, ta dawo tana godiya. Na sayar wa kurma rediyo, ya ce tashoshin sun fi na da."

"Ƙarya dai ba ta tsufa a bakinki."

"Kai fa? Ɗan kasuwar da ba shago, ba kaya. In ɓarawo ya fasa maka, me zai ɗauka?"

"Ai daɗin ke nan. Ba haya, ba ƙura, ba ɓera."

"Ba ciniki."

"Ga ciniki nan kin zauna a kai!"

"Wata goma sha ɗaya kana kiwon sunaye, ba nono ba ƙwai. Matarka ta ce har cikin barci kana kiran su ɗaya bayan ɗaya, ta ɗauka sunayen 'yan mata ne, da ta saurara sai ta ji 'wankin mota', 'hayar kujeru', 'maganin gara'. Ta ce da ma 'yan matan ne, da ta san abin da za ta gaya wa mutane."

Na durƙusa a gaban gadonta. Ba wasa a cikin wannan durƙuson. Na riga na yi wa matata alkawari cewa idan shekara ta cika ban sayar da ko ɗaya ba, zan bar harkar in koma tsaron shagon tayoyin yayana. Saura kwana ashirin da shida.

"Amaryata. Hasken idona. Mai haƙora huɗu masu albarka."

"Biyar ne."

"Na ƙirga, huɗu ne."

"Akwai ɗaya a ciki, na ɓoye shi don irinku."

Sai gadon ya ɗauki ƙara. Ta ɗaga cinya ta zaro wayar, ta riƙe ta nesa da fuska kamar mai duba madubi, ta danna. Wayar irin wadda in ana magana har maƙwabta suna ji ce.

"Mama, barka da yamma, ni ne mai rufi. Ɗanki ya amince da ɗari biyu, shi ne na ce..."

"Jikana ne, kuma bai cika lafiya ba. Kayan nawa ne. Albarka."

Ta kashe. Ta mayar ƙarƙashin cinya.

"Kin kashe ni! Wallahi kin kashe ni, tsohuwar nan!"

"To mutu can gefe, kana tare mini iska. Zuba mini shayi."

"Ya ce ƙarfe huɗu zai nemi wani suna!"

"Ba zai nema ba."

"A rubuce ya aiko!"

"Ni kuma da baki ya gaya mini. Suga cokali biyu." Na zuba, rabin cokali ya zube a tire. "Ran Laraba minti nawa ka ce na yi ina gaishe shi?"

"Ban ce ba. Ba na nan."

"To da kana nan da ka ƙirga. Na tambayi matarsa, na tambayi yara, na tambayi aiki, na tambayi tsadar kaya. Da muka zo kan tsadar kaya sai bakinsa ya buɗe. Ya ce fenti ya yi tsada, motoci uku ya kai aka rubuta musu sunan kamfani a jiki, kuɗin kamar zai yi kuka. Na ce wane suna aka rubuta? Ya karanta mini, har da wutsiyar nan taku ta dot kom."

"Ya rubuta a motoci kafin ya saya?"

"Ya ɗauka a ƙasa zai tsince shi. Kai kana can kana ƙirga daƙiƙa, ni ina gaisuwa."

Na zauna a ƙasa ina kallon agogo. Minti ɗaya. Minti biyu. Tana kurɓar shayi tana kaɗa ƙafa. Minti huɗu.

"Ba zai kira ba."

"Shayin nan ya yi sanyi, kamar mai zuba shi."

"Idan bai kira ba, a ɗakin nan zan tare, ki ciyar da ni har ki mutu."

"Ai ka ba ni dalilin yin sauri."

Minti shida da daƙiƙa ashirin, gadon ya sake ƙara. Ta bari wayar ta yi ƙara sau biyar kafin ta ɗaga. Na ƙirga, kowace ɗaya a cikin haƙarƙarina.

"Mama, don Allah. Ɗari uku."

"Ya yaran?"

"Lafiya lau. Ɗari uku da hamsin."

"Ƙaramin da ka ce yana tari fa?"

"Ya samu sauƙi. Mama, ɗari huɗu, iyakata ke nan, wallahi."

"Ɗari biyar ne kuɗinsa. Amma ka iya gaisuwa, kuma kana da yara, na rage maka hamsin. Sannan akwai kusurwar ɗakina da ke yoyo in an yi ruwa, ka turo a duba mini."

Na matso kusa da wayar.

"Na saya, Mama."

"Allah ya sa albarka. Ga yarona zai ƙarasa maka aikin takarda."

Yarona! Ban tsaya jayayya ba. Mai rufi ya ajiye kuɗinsa a hannun kamfanin da ke tsaya wa mai saye da mai sayarwa, na ga shaida a wayata, na danna neman lambar sirri. Wayar Kaka ta yi ƙit. Lambar minti goma take yi ta mutu. Na miƙa hannu. Ta rufe wayar da tafinta.

"Tsaya. Mu yi maganar la'ada."

"Kashi biyar zan ba ki. Dala ashirin da biyu da rabi."

"Za ka ba ni? Sunan wa ke kan takardar kayan?"

"...Naki."

"Lambar wa?"

"Taki. Amma ni na..."

"Wa ya yi ciniki?"

"Ke."

"To ni ce mai kaya, kai ne dillali. Dillalin ma da bai buɗe baki ba. La'adarka kashi goma, don kana jikana. Nawa ke nan, Akawu?"

"Arba'in da biyar," bakina ya faɗa kafin in hana shi.

"Ka ga amfaninka."

"Kaka, saura minti bakwai."

"Yau kuma Kaka na zama? Ina tsohuwar?"

"Ta rasu. Ke yarinya ce ɗanya shakaf. Saura shida da rabi."

"Duk don dala uku ka ba ni dukiyarka da hannunka. Dala biyu kuma ka ƙi biya, ka ba duniya lambata. Jiya wani ya kira yana tambaya ko ina gyaran rufi. Na ce masa ina hawa, saukowa ce ke ba ni wuya."

Dariya ta ƙwace mini, ina yi ina kallon agogo, hawaye na zuba, ban san na wanne ba ne.

"Me kike so in ce?"

"Ka san abin da za ka ce. Da ƙarfi, kunnena ɗaya na hutu."

Na miƙe tsaye, na cire hula.

"Na sallama! Ke ce dillaliya, ni ɗan kallo ne. Wata goma sha ɗaya na yi ina kiwo, ke kwana huɗu kika yi kina gaisuwa. Ko rabin haƙorinki na biyar ban kai ba!"

Ta yi dariya har sai da ta riƙe gwiwa, ta cillo mini wayar a cinya.

"Ɗauki, matsiyaci. Kuɗinka ne, me zan yi da su, in sayi takalmin gudu? Kashi gomana kawai za ka kawo, a hannu, ba a cikin iska ba."

Na shigar da lamba shida saura daƙiƙa hamsin. Allon ya nuna suna ya koma hannun mai rufi. Na zauna a bakin gado.

"Sauka mini daga gado, ɗan koyo ba ya zama nan. Gobe ka zo da sauran arba'in da shidan, ka karanta mini su ɗaya ɗaya, in ware na sayarwa da na zubarwa."

"Ƙarfe nawa zan zo?"

"Ka ji shi kuma. Kai dai ka zo, ka fara da gaisuwa."