Yadda Za Ka Ci Diyyar Kafaɗar Da Ba Ta Karye Ba

Idan wani abu ya faɗo maka a kafaɗa, kuma abin nan yana da mai shi, to arziki ne ya yi maka sallama. Bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, na lamunce maka nasara. An gwada su a kan wani tela da shagonsa ke manne da na mai walda, yayan matarsa. Allon shagon mai walda ne ya ɓalle wata safiya, ya gogi kafaɗar tela ta dama. Tela bai tsallake mataki ko ɗaya ba.

1. Kada ka yi saurin tashi

Kuskuren yawancin mutane shi ne su miƙe, su kaɗe riga, su ce "ba komai". Wannan kalma ta talauta gidaje da dama. Kwanta. Rufe ido ɗaya, ka bar ɗayan yana duba shaidu. Tela ya kwanta a bakin kwata har sai da mai walda ya kashe inji ya fito da baƙin tabarau a goshi.

"Tela, ina ya same ka?"

"Yaya, ka tambayi inda bai same ni ba."

Haka ake amsawa. Ciwon da aka nuna da yatsa ya riga ya yi araha.

2. Rataya hannun

A asibiti za su ɗauki hoto su ce ƙashi lafiya lau. Kada ka yi musu gardama, kada kuma ka kawo hoton gida. Nemi farin ƙyalle ka rataya hannun a wuya. Tela bai sha wahala a nan ba, sana'arsa ce. Ya ja labule ya ɗinka nasa da hannun da ya ji ciwon, har da kalmasa.

3. Nemo Turanci

Ciwo da Hausa, sannu ake ce masa. Da Turanci kuwa biya ake yi. Je wurin akawun lauya, ba lauyan ba, don shi akawu shayi kawai za ka saya masa. Zai nuna maka cewa Turancin diyya ba ya fita shi kaɗai, bibbiyu yake tafiya kamar takalmi: siriyos injuri, ful kwamfenseshan. Haddace su, ka riƙa furtawa a hankali kana kallon nesa.

Akawu ya tambayi tela, "Wanne kake so, tamfarari ko famanent? Na farko mai warkewa ne. Na biyu har abada."

"Wanne ya fi tsoka?"

"Na har abada."

"Ba ni shi."

Wanda ya je rijiya da ƙaramin guga kada ya zargi rijiya.

4. Daina aiki

A nan ake gane maza. Mai ciwon har abada ba ya riƙe almakashi, ko da makaranta na gab da komawa, ko da yadin yunifom ya cika shago har kan teburin guga.

"Maigida," in ji matar tela, "hedimasta ya sake aikowa. In ya kai wa wani aikin nan, me za mu ci bana?"

"Ki ce masa ina da famanent."

"Ɗazu na ga kana ɗaure wando da hannu biyu."

"Wannan tsakanina da ke ne."

"Wancan kuma yayana ne. Tun ranar ko abinci ba ya iya ci."

Kada ka ɗaga murya. Shaidar da ke kwana ɗaki ɗaya da kai ba a yi mata tsawa.

5. Ambaci kotu, amma kada ka je

Kotu tana da likitocinta. Kai dai ka yi ta ambatonta a gaban masu yawo da magana, har dangi su ji kunya su kira zama. Na tela a falon kawun matarsa aka yi. Ya jero Turancinsa bai yi tuntuɓe ba. Mai walda ya sunkuyar da kai ya ce, "Kawu, ni na kafa allon, ni na bar ƙusar ta yi tsatsa. Duk abin da aka yanke na ɗauka."

Kawu ya daɗe yana kallon ƙyallen. "Ɗana, ka ce hannun nan ba zai sake aiki ba? Ciwo yakan yi sauƙi fa."

Matar tela ta yi gyaran murya. Tela bai waiwaya ba.

"Har abada, Kawu."

6. Karɓi abin da ka nema

Kawu ya ce kuɗi a hannu ƙarewa suke yi, ciwon da ba ya ƙarewa sai diyyar da ba ta ƙarewa. Mai walda zai ɗauki nauyin biyan hayar shagon tela daga yau. Matar tela, wadda da ma ta iya taka keken ɗinki, za ta hau aikin don kada gida ya kwanta. Shi kuma tela za a ƙera masa kujerar ƙarfe mai wurin ɗora hannun dama. Mai walda ya sayar da ɗaya daga cikin injinansa, ya ƙera kujerar, ya yi mata fenti, ya kawo ta da kansa yana neman gafara.

Hedimasta ya karɓi yunifom ɗinsa, ya ce bai taɓa ganin aljihun ya zauna daidai kamar bana ba. A gaban tela ya faɗa.

Yanzu tela yana zaune a bakin shago, keken yana kuka a bayansa, yatsunsa na ƙaiƙayin almakashi. Rannan ya rage murya ya ce wa matarsa, "Kin san kuwa, kamar hannun ya fara ɗan motsi."

Ba ta ɗago kai ba. "Je ka gaya wa Kawu da Yaya. In ba za ka je ba, matsa, kana tare mini haske."

Ya matsa.

Sanarwa

Mai wannan bayani ba lauya ba ne, ba kuma likita ba, ɗan zaman benci ne da ya ji ya rubuta. Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa shago, ko keke, ko idon kallon surukai, shi ya jiyo, babu ruwana. Mai neman ƙarin haske ya nemi tela, kullum yana kan kujerarsa. Sai dai in za ka gaisa da shi, ka miƙa masa ta hagu.